Shagon taya na bakin hanyar Dan Isa, ra'ayina a kai

Masu mota na Maradi, in kuna neman inda za ku sai taya ko ku yi faci, akwai wani shago a bakin gudiron in ka kama hanyar Dan Isa, ni dai can nike kai Corolla tawa kuma zan faɗi abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi.

Abin da ya sa nike komawa shi ne maigidan ba ya ɓoye ma shekarun taya. Kun san yawancinmu okaziyo muke saye, sabuwa sai mai hali, to okaziyon nan za ka ga zanenta raɗau kamar ba a taɓa hawa ba alhali ta tsufa a ajiye. Shi kafin ku fara ciniki sai ya juyo gefen tayar ya goge ƙura da babban yatsa ya nuna ma inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne magana, biyu na farko sati, biyu na ƙarshe shekarar da aka ƙera tayar. Wadda na so ɗauka an rubuta 2316, wato sati na 23 na shekarar 2016, ya ce "Alhaji wannan ba ta hanyar Yamai ba ce, in cikin gari ne ma ban ba ka shawara ba", kuma fa tayarshi ce yake son saidawa! Kamfanin Michelin da kanshi cewa yake in taya ta shekara 5 a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da zanen bai cinye ba, to ina ga mu da muke cikin zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, roba bushewa take tana tsatstsagewa a gefe tun kafin nan.

Zanen ma ba da ido kawai yake aunawa ba. Cikin ramin zanen akwai wasu 'yan tudu da kamfani ya sa, in saman taya ya zo daidai da su to saura milimita 1.6 kenan, ta gama aiki, kuma da damina irin wannan taya ba ta korar ruwa, kana taka birki sai mota ta yi ta sulɓi. In kuwa ta yi ƙullutu a gefe ba ya ma taɓawa, zaren ciki ne ya tsinke, babu facin da zai riƙe.

Iska da geji suke sawa, ba irin masu buga taya da ƙarfe su ce "ta yi" ba. Adadin iskar da ya kamata a sa na nan liƙe a jikin ƙofar direba, kuma gara ka je da safe tayar na da sanyi, don in ta yi tafiya ta ɗau zafi gejin ƙaruwa yake nunawa. Har tayar ko-ta-kwana ta cikin but sai sun ciro sun duba, wadda wallahi yawancinmu sai ranar da muka yi faci a daji muke tunawa da ita.

Inda ban ji daɗi ba, ba su da injin saitin ƙafafu, shi maigidan zai gaya ma tayar gaba na cin gefe guda saboda saiti ya goce amma sai ka tafi wani gareji ka sake biya. Sannan yaran shagon ɗaure noti suke kamar suna fushi da shi, har su hau kan sifana da ƙafa, ranar da ka tashi kwancewa kai kaɗai sai ka yi gumi, ka tsaya a kansu ka ce ya isa. Wurin zama benci guda ne ƙarƙashin bedi, ga 'yan kabu-kabu da adaidaita sun cika wurin.

Kuɗin okaziyonshi ya ɗan ɗara na cikin kasuwa da jaka ɗaya ko biyu, kuma ba ya ragi sosai. Ranar Juma'a da an kusa salla suke rufewa, sai bayan la'asar.