Stockfish da Leela a gaban tsoffin wasannin manyan gwanayen ces: me gwajin yake nunawa?

Duk mai son ya san ƙarfin injin ces, abin da yake fara yi shi ne ya ɗora masa shahararren allo daga wasannin manyan gwanaye, ya zuba ido ya ga ko zai gano motsin da aka daɗe ana yabo. Na bi wannan hanya da Stockfish 17 da Leela Chess Zero, kuma hukuncina shi ne: injunan biyu sun fi gwajin kansa inganci. Yawancin kurakuran daga mai gwajin suke fitowa.

A fara da shiri. Stockfish yana zuwa da Hash (ƙwaƙwalwar da yake ajiye allunan da ya riga ya bincika) na megabait 16 da Threads (yawan sassan kwamfuta da ke yin binciken tare) ɗaya, wanda bai isa dogon nazari ba. A ɗaga Hash zuwa megabait 1024 ko sama. Sai dai da zarar an ƙara Threads, sakamako ya daina maimaituwa: allo ɗaya, kwamfuta ɗaya, yanzu ya gano motsin nan take, anjima ya yi ta lalube. Mai son a kwatanta da gaskiya ya bar Threads a ɗaya, ya ƙayyade yawan allunan da injin zai bincika da umarnin go nodes, ko kuma ya maimaita kowane gwaji sau biyar zuwa goma ya ɗauki na tsakiya. Kafin kowane gwaji a danna Clear Hash. In an riga an taka motsin gaba sannan aka dawo baya, amsar tana nan cikin ƙwaƙwalwar injin, satar amsa ce kawai. MultiPV ma, wato yawan layukan wasa da injin zai nuna, a bar shi a ɗaya, domin buɗe layi uku ko huɗu yana tilasta wa injin duba motsin da da kansa zai yi watsi da shi.

Wasu allunan sun daina zama jarrabawa. Motsin 17...Be6 da Bobby Fischer ya yi wa Donald Byrne a New York a 1956, yana ɗan shekara 13, inda ya bar sarauniyarsa a ci, injunan biyu suna ganinsa kafin ka ɗauke yatsa. Lissafi ne na dole, kuma nan ne gidan injin. Shi kuwa 23...Qg3 na Marshall a kan Levitsky a Breslau a 1912 matsalarsa daban ce: baƙi ya riga ya fi da doki guda, akwai wasu hanyoyin cin wasan, don haka injin da ya zaɓi wani motsi bai faɗi ba.

Inda ake ganin bambanci shi ne wasan Topalov da Shirov a Linares a 1998. Ga allon a rubutun da ake saka wa injin, don mai son gwadawa: 8/8/4kpp1/3p1b2/p6P/2B5/6P1/6K1 b. Baƙi ya fi da sojoji biyu, amma bishof-bishof ɗin suna tafiya a gidaje masu launi daban, yanayin da ya saba ƙarewa canjaras. Shirov ya taka 47...Bh3, ya miƙa bishof ɗinsa kyauta. Dalilin lokaci ne: bishof ɗin ya tsare wa sarkinsa gidan f5, kuma duk wata janyewa a hankali tana ba sarkin fari damar isowa tsakiya. Bayan 48.gxh3 Kf5 49.Kf2 Ke4 50.Bxf6 d4, bishof ɗin fari ba zai iya tare sojan layin a da sojan layin d lokaci guda ba. Topalov ya miƙa wuya bayan 53...Kb3.

Me ya sa wannan motsi ya daɗe yana wahalar da injuna? Stockfish ba ya bin kowane reshe daidai wa daida. Motsin da ya zubar da ƙarfi ba tare da riba ta kusa ba, yana zuwa ƙarshen jeri, a taƙaita zurfinsa, wani lokaci a sare shi ɗungurum. Wannan sarar ita ce sirrin saurinsa, ita ce kuma take ɓoye irin su Bh3. Sabon Stockfish, mai amfani da NNUE (tsarin auna allo da aka horar da shi kan ɗimbin alluna) tun fitowa ta 12 a 2020, yana gano shi, amma lokacin yana sauyawa sosai daga gwaji zuwa gwaji. Ita Leela ciwonta wani ne. Tana ba kowane motsi kason fifiko tun kafin bincike, kuma motsin da ya sami ɗan ƙaramin kaso ba ya samun ziyara sosai. A manhajar Nibbler, wadda ake nazari da Leela a cikinta, ana ganin wannan kaso ƙarara kusa da kowane motsi. Dabarar da ta fi amfani a nan ita ce umarnin searchmoves: a tilasta wa injin nazarin f5h3, wato Bh3, kaɗai. In maki ya tashi nan da nan, injin ya fahimci allon, gano ƙofar ce ta gagare shi. In bai tashi ba, matsalar a hukuncinsa take.

Rumbun Syzygy, wanda ke ɗauke da tabbataccen sakamakon allunan da kaya suka rage kaɗan, yana taimakawa a irin wannan ƙarshen wasa, ko da yake kayan da ke kan allon goma ne, rumbun kuma ya tsaya a bakwai. Na kaya biyar bai kai gigabait ɗaya ba, na shida ya kai kusan gigabait 150 kuma yana buƙatar SSD, wato faifai mai sauri, in ba haka ba karatun faifai ya cinye saurin. A rubuta ko an kunna shi ko ba a kunna ba, domin gwaji biyu ne daban.

Wasan Kasparov da Topalov a Wijk aan Zee a 1999 yana koyar da wani abu. Bayan 24.Rxd4, injin ba ya ruɗuwa da sunan wanda ya taka: yana nuna cewa da Topalov ya ƙi cin ruk ɗin ya amsa da 24...Kb6, wasan yana nan kusan daidai. Gaba kaɗan kuma yana fifita 28.Ra7 a kan 28.Qc3 da Kasparov ya taka. Wanda ya rubuta fayil ɗin EPD, inda ake jera allunan gwaji da amsoshinsu, ya sa motsin wasan a matsayin bm, wato amsa ɗaya tilo, zai ci injin tara a kan gaskiyarsa.

Raunin da har yanzu ya kamata a sa wa ido shi ne ganuwa, allon da ya kulle har mai rinjaye ya rasa ƙofar shiga. A wasan Arshak Petrosian da Hazai a 1970, baƙi ya ajiye sarauniyarsa a b6, fari ya ci da doki, allon ya rufe, aka tashi kunnen doki. Irin wannan ana rubuta shi a fayil ɗin EPD da am, wato motsin da za a guje wa. Alamar ganuwa a fuskar injin ita ce maki mai girma da ya tsaya cak: zurfi yana ƙaruwa daga 40 zuwa 60, lambar ba ta gusa ba, layin da yake nunawa kuma kai-komo ne kawai. Tun Stockfish 15.1, maki +1.00 yana nufin damar cin wasa rabi da rabi ne idan injin yana karawa da kansa, ba rinjayen soja ɗaya ba, don haka kwatanta shi da lambobin tsoffin littattafai ɓata lokaci ne. A nan na fi amincewa da yadda Leela take raba hasashenta uku, ci da canjaras da faɗuwa.

Ga mai kwamfuta ta yau da kullum, Stockfish ya wadatar, kyauta ne kuma ba ya neman komai sai CPU, wato na'urar lissafin da kowace kwamfuta take da ita. Leela ba ta nuna ƙarfinta sai da katin GPU (katin sarrafa hoto) mai kyau, kuma kada a gwada yawan allunan da take bincika da na Stockfish, domin dubbanta suna fuskantar miliyoyinsa. A ba su lokaci iri ɗaya, minti ɗaya ko biyar a kowane allo, a rubuta lokacin da motsin ya bayyana ya kuma zauna, ba lokacin da ya fara giftawa ba.