Wanda ya koyi maganar hannu a Maraɗi, wane aiki zai kama?

Matasa da dama sun fara sha'awar maganar hannu, kuma tambayarsu ɗaya ce: in na iya, ina zan ci abinci da ita? Hanyoyin da ake ambata su ne koyarwa, tafinta a asibiti ko kotu, aikin ƙungiyoyin agaji, sai talabijin.

Talabijin a cire shi tun yanzu. Ɗan akwatin nan na mai tafinta da ke kusurwar allo mutum ɗaya yake ɗauka, kuma a Yamai yake zaune. Aikin ƙungiyoyi akwai maiƙo, amma na taro ne: kwana uku a otal, a sallame ka, sai kuma shiru har wani watan. Ranar da kuɗin shirin suka ƙare, kai ma an gama da kai.

Ni koyarwa nake nuna wa kowa. Ƙasarmu tana cikin yankin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha, kuma yaron da ya tashi daga wannan ciwo sau da yawa jinsa ba ya dawowa. Ga ƙyanda, ga ciwon kunne mai ruwa da ake bari ya daɗe. Akwai makarantar kurame a nan Maraɗi, kamar yadda ake da ita a Yamai da Damagaram, amma yaron Dakoro ko Mayahi ko Tasawa fa? Ko dai yana gida, ko yana ƙarshen aji yana kwafar abin da ke allo bai san ma'anarsa ba. Malamin da ke da takardar ENI, wato makarantar horar da malamai, kuma hannunsa ya faɗa, ba zai rasa mai nemansa ba, kuma albashinsa na wata ne ko da ɗan kwantiragi ne. Sai dai a lura, maganar hannu kaɗai ba ta sa a ɗauke ka malami. Takardar koyarwa ce gaba.

Aikin kuma yana da daɗi ga mai haƙuri. Ana jera kujeru kamar rabin da'ira don kowa ya ga hannun kowa. Malam ba ya rubutu a allo yana bayani lokaci guda, domin da zarar ya juya baya magana ta yanke. Ba ya tsayawa taga tana bayansa, sai haske ya faɗo a fuskarsa, tunda ɗaga gira kaɗai na iya mayar da zance ya zama tambaya. Da yamma iyaye ma suna neman mai koya musu, don akwai uwar da ɗanta ya kai shekara 10 ba su taɓa yin hira ba in ban da "zo" da "ci". Masu Islamiyya su ma suna bukatar mai nuna alwala da salla.

Asibiti shi ne na biyu. Bukata tana nan sosai, sai dai galibi ɗan'uwan marar lafiya ne ke yin tafintar kyauta, don haka ya fi dacewa da wanda dama ma'aikacin jinya ne ko ungozoma. Kotu ba wurin sabon shiga ba ce. Kuskuren alama ɗaya na iya kai mutum gidan kaso.

Yanzu ga inda ake cin kuɗin mutane. Yaren ba ɗaya ba ne a duniya. Na makarantun kurame a yankinmu ya samo tushe daga na Amurka, ta hannun Andrew Foster, kurma baƙar fata ɗan Amurka da ya buɗe makarantarsa ta farko a Ghana a 1957 kafin ya bazu zuwa ƙasashe masu Faransanci. Wanda ya kwana kan bidiyon ƴan Faransa a YouTube zai zo ya tarar ana kallonsa kawai. Kuraman kasuwa da tasha da ba su yi boko ba kuma suna da tasu maganar hannun ta ƙasar Hausa. Mai son aiki sai ya riƙe duka biyun.

Sannan ga masu tallar horo a WhatsApp: kwana 10, takardar shaida mai hatimi. Abin da suke koyarwa haruffa ne da yatsu, da gaisuwa. Na ga illarsu a kan ɗan yayata, wanda kurma ne. An haɗa mu da wani mai irin wannan takarda ya raka mu wajen likita, ya karɓi jaka 5, ya tsaya yana jera wa yaron haruffan sunan magani ɗaya bayan ɗaya, yaron da bai taɓa shiga aji ba. Yaron ya juyo yana kallona. Sai da muka koma unguwa wani tela kurma ya nuna masa fitowar rana, tsakiyarta da faɗuwarta, ya ɗaga yatsa ɗaya a kowanne, nan take ya gane. Kada a ce ƙaramin gari ne ya jawo: a taron makokin Mandela a 2013, mutum ya tsaya kusa da shugabannin duniya yana wurga hannu babu ma'ana, kurame ne suka tona shi.

Kafin ka biya ko dala, tambayi ko akwai kurma cikin masu koyarwa. In babu, kama gabanka. Tafi da abokinka kurma ranar farko, ka bar su su yi hira da malamin minti biyar ba murya, fuskar abokin za ta gaya maka komai. Ka bincika ko Ƙungiyar Kuramen Nijar ko malaman makarantar kurame sun san shi. Kuɗin kuma a biya wata-wata, kada a zube su gaba ɗaya, domin akwai masu rufe lambar waya da zarar sati na biyu ya shiga.