Wata bakwai ina kwana da injin CPAP mai hana numfashi ɗaukewa a barci, ga yadda muka kwashe

Uwargida ce ta gano numfashina na ɗaukewa cikin barci, ba ni ba. Minsharina dai an saba da shi, amma ta ce yanzu sai in yi ɗif kamar an kashe janareto, ƙirji na motsi iska ba ta shiga, sai can in zabura da gurnani. Wata safiya ta ce "Baban Hafsa, wallahi jiya sai da na ƙirga ashirin kafin ka ja numfashi, ni dai a je asibiti." Ga hawan jini, ƙwaya kala uku nake sha ya ƙi sauka, ga faɗuwar gaba, adaidaita ta danna hon kawai sai zuciya ta hau dukan uku-uku.

Aka yi min gwajin barci, wayoyi a kai da ƙirji da wani ɗan matsi a yatsa. Likita ya ce duk ɗaukewar da ta kai sakan 10 ana ƙirga ta, in ta kai sau 30 a awa ɗaya abin ya yi tsanani, ni kuwa na haura nan. Bayaninsa ne ya sa na yarda na cire kuɗin sayen injin. Ya ce zuciya na da jijiyoyi kashi biyu da ba ka da iko da su, masu taka mata totur da masu taka mata birki. In maƙogwaro ya rufe oksijin ya yi ƙasa, sai jiki ya ɗauka shaƙe ka ake yi, ya sako adirenalin, hanyoyin jini su matse, bugun da ya lafa lokacin ɗaukewar ya yi tsalle sama, kuma haka ake ta yi har asuba kai ba ka ma san ana yi ba. Mai lafiya jininsa kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 da dare, nawa ba ya sauka. Abin da ya fi ba ni tsoro, wai totur ɗin ba ya sakin ƙafa ko da rana, birkin kuma ya yi sanyi, shi ya sa ƙaramin tashin hankali ke girgiza ni.

Injin kansa ba wani abin mamaki ba ne, iska yake hurawa ta tiyo zuwa takunkumin hanci don kar hanyar ta rufe, wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, ya ƙirƙiro shi a 1980. Sati biyun farko azaba ce, iska na tsiyaya tana hura min ido, tsakar dare in fizge shi in jefar. Sai da na canza takunkumi zuwa mai 'yan toshe biyu a ƙofar hanci sannan muka shirya. Shagon da na saya kuwa sun ba ni haushi, miƙo min kwali kawai suka yi, saitin ƙarfin iskar sai da na koma wurin likita.

Da hunturu hanci kan bushe ƙamas in ba ka zuba ruwa a tankinsa ba, matatar kuma ƙurar Kano na mayar da ita ja cikin 'yan kwanaki. Babbar matsala dai wuta ce, nepa na ɗaukewa ka farka kamar an toshe maka baki, dole na haɗa da inbata, kuma in ka kunna ɗumama ruwan batir ba ya kai ka asuba.

Amma fa ciwon kan safe ya tafi, tashi fitsari sau uku ya koma ɗaya, na daina gyangyaɗi ana huɗuba. Jini ya ɗan sauka, kaɗan, likita ya ce dama haka aka saba gani, kar in kuskura in ajiye magani, kuma in riƙa sa injin aƙalla awa 4 kowane dare. In ɗan kwatano za ka saya, sayi sabon tiyo da takunkumi, kuma ka sa a nuna maka awannin da injin ya riga ya yi kafin ka biya.