CUNY ko jami'ar da ta ce za ta ba 'yarki tallafin dala 30,000?

Hajiya, kin tambaye ni wace jami'a za ki zaɓa wa 'yarki. Ki kai yarinyar nan Lehman, ɗaya daga kwalejojin CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin New York, hankalinki kwance. Waccan jami'ar mai zaman kanta ta wata jiha, dala 30,000 ɗin da ta rubuta da manyan baƙaƙe ne suka ɗauke miki ido. Ki juya takardar tallafin da suka aiko ki nemo inda suka sa jimillar kuɗin shekara. Ba kuɗin aji kaɗai ba ne a ciki: akwai ɗakin kwana, abinci, littattafai, kuɗin mota da na ƙananan buƙatu. Kin ce ya kai 68,000, to ki cire 30,000, saura 38,000 duk shekara, har sau huɗu.

Kuma ki duba da kyau, a takardun nan sukan jera kyauta da bashi wuri guda kamar duk abu ɗaya ne. Pell, wato tallafin gwamnatin tarayya, kyauta ce, iyakarta dala 7,395 a shekara. Bashin gwamnatin tarayya ma yana da iyaka: yaron da ke ƙarƙashin iyayensa 5,500 kawai zai samu a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 daga ta uku, jimilla kuma ba ta wuce 31,000. Ragowar fa? Sai a ce ke ki ci bashin iyaye, wato Parent PLUS, da sunanki, da kuɗin ruwansa. Shi ma daga Yulin 2026 an yanke masa iyaka, 20,000 a shekara, 65,000 gaba ɗaya kan kowane yaro. Mu da muke gudun riba, ba sai na ƙara magana ba.

'Yata ta biyu a Lehman ta yi, nan Bronx. Kuɗin makaranta ga mazaunin jihar New York 6,930 ne a shekara, ban da 'yan ƙananan kuɗaɗe. TAP, wato tallafin jiha, ya ɗauki kaso mafi yawa, Pell ta cike sauran. Wallahi ranar da ragowar Pell ta shigo asusunta sai da ta kira ni a wurin aiki tana tambaya ko kuskure aka yi. Ba kuskure ba ne. Ko a gida yaro yake kwana, makaranta tana lissafa ci da sufuri cikin jimillar, shi ya sa abin da ya rage ake ba shi a hannu. Da shi ta sayi kwamfuta da katin jirgin ƙasa. Kullum a gida take cin tuwon dare, azumi huɗu muka yi buɗa-baki tare, ta gama ba wanda yake bin ta ko sisi.

Babban ɗana kuwa irin waccan na kai shi. Makarantar tana da kyau, ba zan ɓata ta ba, amma har yau ina biya. TAP ba ya tsallaka iyakar jiha, ban san haka ba sai da muka sa hannu.

Wani abin da mutane ba su gane ba: doka ba ta yarda duk tallafin da yaro ya tara ya zarce jimillar kuɗin da makaranta ta ƙiyasta ba. Idan masallaci ko wata ƙungiya ta ba yarinyar tallafi, dole a sanar da makaranta, kuma suna iya rage nasu. Ki roƙe su su rage daga bashi, kada su taɓa kyautar.

Don Allah ki yi hattara da masu buɗe ɗan ofis suna karɓar kuɗi wai za su cike miki FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, ko su "nemo" miki tallafi. Cike FAFSA kyauta ne a studentaid.gov, makarantar sakandaren yarinyar ma za ta taya ku. Kada ki ba kowa kalmar sirrin asusunki, kada kuma ki tsaya wa kowa bashin banki don an ce miki sa hannu ne kawai. Idan bai biya ba, ke za a bi.

Ki ɗauko min takardun biyu ranar Juma'a bayan an sauko, mu zauna da biro mu raba kyauta da bashi layi-layi.