Manhajar rage shan mai: kuɗina sun tafi, amma na gano ciwon Golf ɗina

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 Golf 3 ɗina ta zame min ƙarfen ƙafa. 'Yar 1995 ce, injin 1.8 mai injekta guda ɗaya, amma zuwa Kaduna da dawowa sai ka rantse tanki ya huje. Ga baƙin hayaƙi a salansa, ga fulogi da nake canjawa kamar riga.

Shi ya sa da wani yaro mai shago a Sabon Gari ya ce min akwai 'yar na'ura da ake sokawa a mota, a haɗa ta da manhaja a waya, a sake saita ƙwaƙwalwar motar ta rage shan mai, ban ko yi ciniki sosai ba. "Alhaji, ko wace mota tana yi," in ji shi. Wallahi kwana uku ina zama cikin mota a Samaru da rana tsaka, na buɗe murfin da ke gefen wurin zuba tokar taba, na soka, na cire, na sake sokawa. Fitilarta na ƙiftawa, waya na ta juyawa, shiru kake ji. Na mayar masa, ya ce an riga an ɓare leda.

Wani mai rewaya a Kwangila ne ya warware min. Ya ce irin wannan na'urar da tsarin OBD2 take aiki, wato tsarin da na'ura ke bi ta karanta ciwon mota, wanda aka wajabta a Amurka daga 1996, motocin fetur na Turai kuwa sai 2001. Tawa ta girmi abin. Ramin sokawar iri ɗaya ne, yaren ne daban. Batun sake saiti kuwa, ya ce ƙwaƙwalwar waɗannan tsofaffin ba a rubuta mata komai ta waya, sai an buɗe an canja ɗan guntun da ke ciki.

Nan ya ɗauko tsohuwar laftof da kebul ɗin KKL mai haɗa ta da mota, ya buɗe VCDS-Lite, manhajar gano ciwon motocin Volkswagen. Ko minti biyar ba a yi ba lamba ta fito, 00522, sensar zafin ruwa. Injin ya ɗau zafi har ba ka iya taɓa tiyo, amma sensar tana gaya wa ƙwaƙwalwa da sauran sanyi, ita kuwa sai ƙara antaya mai take yi. Da muka duba kuma ashe babu tamostat sam, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, wani bakanike ya cire ta tuntuni wai ƙasarmu da zafi. Muka sa sensa, muka mayar da tamostat, allura ta tsaya a 90, sulo ya daidaita, hayaƙin ya ɗauke. Gaskiya wannan manhajar ta burge ni, har na sayi kebul ɗin nawa na kaina. Ba ta ƙara wa mota ƙarfi ba, ciwon ta nuna min, kuma shi nake nema.

Sai dai duk lokacin da na buɗe aljihun mota na ga waccan 'yar shuɗiyar na'urar, raina sai ya ɓaci. Yaron mai shagon bai tambaye ni shekarar motar ba, ko sau ɗaya. Makon jiya na wuce ta gaban shagon, na hango shi yana nuna wa wani dattijo mai Golf irin tawa, sai da na faka na fito.