Littattafan Twilight huɗu: na biyun ne ya zauna mini a rai

Ƙanwata ce ta shigo da littafin farko gidanmu. A hannun wani mai tsofaffin littattafai ta saye shi, baƙin bango da hannuwa biyu riƙe da jan tuffa, gefen takardun har ya soma dafewa. Na ɗauka ne don in ga me yarinya 'yar shekara 15 take karantawa, ban ankara ba sai ga ni ina cigiyar sauran ukun. Cikin sati biyar na gama su duka: Twilight na 2005, New Moon na 2006, Eclipse na 2007 da Breaking Dawn na 2008, duk rubutun Ba'amurkiya Stephenie Meyer.

Bella Swan, 'yar shekara 17, ta baro Phoenix mai zafin rana ta koma wajen mahaifinta, shugaban 'yan sandan Forks, ɗan ƙaramin gari a jihar Washington inda ruwa da hadari ba sa ɗaukewa. A makaranta ta haɗu da Edward Cullen, wanda a fuska sa'anta ne, alhali a 1901 aka haife shi. Annobar murar 1918 ta kusa kashe shi a Chicago, sai likita Carlisle ya mayar da shi irinsa, wato mai shan jini da ba ya tsufa. Mu da muka taso da labarin aljanin da ya kamu da son 'yar Adam, da na mutanen da ke rikiɗa su zama kura, wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Abin da ya riƙe ni shi ne kamewa. Gidan Cullen sun haramta wa kansu jinin mutum, na dabba suke sha, ga shi kuma ƙamshin jinin Bella ya fi na kowa jan Edward. Duk zaman da za su yi, yana yaƙi da kansa ne. Har zuwa littafi na huɗu yana kan bakansa cewa sai an ɗaura aure. Ban zaci zan tarar da haka a littafin soyayyar matasan Amurka ba, kuma ya burge ni ƙwarai.

Amma New Moon ne nawa. Ranar da Bella ta cika 18, takardar naɗe kyauta ta yanke ta a yatsa, ɗigon jini ɗaya ya sa Jasper, ɗan gidan, ya yi kanta. Edward ya ga zamansa kusa da ita haɗari ne, ya kwashe danginsa suka bar gari. Daga nan marubuciyar ta yi abin da har yau nake tunawa: shafi huɗu a jere, babu komai a kowanne sai sunan wata. Oktoba. Nuwamba. Disamba. Janairu. Na tsaya a kan shafukan nan na jima ban juya ba. Shekarar da mahaifiyarmu ta rasu haka watanni suka wuce ni, ina ci ina sha ina amsa gaisuwa, amma in aka tambaye ni me ya faru a cikinsu ba ni da amsa. Ban taɓa ganin wanda ya kwatanta wannan hali da gaskiya irin haka ba, kuma ba da kalma ko ɗaya ba.

A cikin wannan duhun Jacob Black ya shigo, ɗan ƙabilar Quileute da ke La Push a bakin teku. Ba ya wasu dogayen kalamai. Tsofaffin babura biyu suke gyarawa tare a garejinsa, yana ba ta dariya, sannu a hankali ta soma dawowa hayyacinta. Surorin nan sun fi min duk wani kirarin kyawun Edward daɗi, domin irin kulawar da na sani ce, ta mutumin da zai zo ya zauna kusa da kai kawai. Ko bayan ya soma rikiɗa ya zama kyarkeci, wannan ɗumin bai bar shi gaba ɗaya ba. Af, Quileute ƙabila ce ta gaske, suna nan a La Push har yanzu, kuma mai karatu ya sani cewa yawancin abin da littafin ya jingina musu ƙagen marubuciya ne.

Akwai abin da ya dame ni, ba zan ɓoye ba. Edward yana shiga ɗakin Bella da dare yana kallonta tana barci tun ba ta sani ba. A Eclipse har ya cire wani abu a injin motarta don kada ta je wajen Jacob. Littafin yana nuna wannan kamar tsananin so ne, ni kuwa takura na gani. Sai da na zaunar da ƙanwata na ce, “Ke, duk wanda zai hana ki zuwa wajen mutanenki da sunan yana tsare ki, ki yi nesa da shi.” Ta ce, “To Yaya, ai shi tsoro yake kada a cutar da ita.” Mun fi awa muna wannan muhawara, kuma na gode wa littafin da ya buɗe mana ƙofarta.

Breaking Dawn ya haura shafi 700, kuma shi ya fi raunana. Littattafai uku ana gaya mana Bella za ta rasa iyayenta da haihuwa idan ta zama irin Edward. Rosalie, 'yar gidan Cullen wadda ta fi kowa ba ni tausayi, saboda haka ta ƙi goyon bayanta, don ita uwa ta so zama aka raba ta da wannan. Ƙarshe sai Bella ta samu miji, ta samu 'ya, mahaifinta na nan, rundunar Volturi, masu mulkin masu shan jini, ta taso daga Italiya ta koma ba a gwabza ba. Raina ya so a ce ta biya wani abu.

Turancinsa mai sauƙi ne, ɗalibin sakandare zai iya binsa ba tare da ƙamus a gefe ba, sai dai na huɗun ya fi dacewa da waɗanda suka ɗan girma, don surar haihuwar tana da jini sosai. Na riƙe shi a wajena tukuna. Midnight Sun na 2020, wanda ya sake ba da labarin farko ta bakin Edward, na bar wa mai littattafan sallahu ya ajiye mini in ya shigo hannunsa.