Devil's Bridge ko Cathedral Rock a Sedona?

Dukansu hanyoyin hawa dutse da ƙafa ne a Sedona, jihar Arizona ta Amurka, cikin jajayen duwatsu.

Cathedral Rock gajere ne, kimanin kilomita 2 zuwa da dawowa, amma hawa ne zalla. Akwai wata tsaga da sai ka sa hannu ka dafa dutse. Bayan ruwan sama dutsen santsi yake, kuma saukowa ta fi hawa haɗari. Takalmi mai sulɓi bai dace ba.

Devil's Bridge ya fi nisa, wajen kilomita 6 zuwa da dawowa daga titin Dry Creek, galibi shimfiɗaɗɗe, sai matakalar dutse a ƙarshe. Matsalarsa rana, inuwa kaɗan ce, ga layin masu ɗaukar hoto a kan gadar dutsen da ke ƙarshen hanyar.

Mai ciwon gwiwa ya zaɓi Devil's Bridge. Da bazara fita da asuba, ruwa lita 2 aƙalla.